Eriyar Diamond RH77CA da takwarorinta: wace ce ta dace da sauraren jiragen ƙasa?

Eriyar robar da ke zuwa cikin kwalin sikana, wato rediyon da ke laluben tashoshi don saurare, an yi ta ne don ta kama ko'ina kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba ta ƙware a ko'ina ba. Su kuwa jiragen ƙasa a Amurka, maganar direba da mai kula da zirga-zirga tana cikin ɗan tsukukun wuri ne, daga 160.215 zuwa 161.565 MHz, a tashoshin AAR, ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka. Tsawon igiyar siginar (wavelength) a nan kusan mita 1.86 ne, rubu'insa wajen santimita 46, wato tsawon da ya dace da miƙaƙƙiyar eriya. Da wannan awon za ka auna duk eriyar da aka tallata maka.

Diamond RH77CA tana da tsawon kusan santimita 40, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Don masu rediyon sha'awa aka ƙera ta, a zangon 144 da 440 MHz, ke nan 160 ba gidanta ba ne. Amma tsawonta kaɗai ya ishe ta ta yi wa guntuwar roba fintinkau. Inda a da sai shuuu da guntun kalmomi, sai ka ji lambar jirgi da alamar mil sarai. Tana da wata fa'ida da ake yawan mantawa: na'urar da ke maƙale a wutsiyar jirgi tana aika ɗan ƙara a 457.9375 MHz, kuma ɓangaren 440 na eriyar yana kusa da nan. Ƙaran ba ya cin dogon zango, don haka da ka ji shi, jirgi ya matso. Aibinta tsawon ne dai: in ka rataya sikana a ɗamara, za ta riƙa tsokanar haƙarƙari.

Smiley Slim Duck da aka saita a 160 MHz ta fi gajarta, kuma don wannan zangon aka naɗe wayar cikinta. Ga wanda murya kaɗai ya dame shi, zaɓi ne mai kyau, ga sauƙin ɗauka. Sai dai kada "5/8" da ke sunanta ya ruɗe ka. Cikakkiyar 5/8, wato kashi biyar cikin takwas na tsawon igiyar siginar, a nan ta haura mita ɗaya, naɗaɗɗiyar waya ba za ta ba da ƙarfinta ba. A 457 kuma kada ka sa rai sosai.

Eriyar ƙarfe mai zugewa ita ce mafi arha, kuma in ka zuge ta daidai santimita 45 zuwa 46 ba ta jin kunyar kowa. Kuskuren da ake yi shi ne zuge ta gaba ɗaya, ana zaton tsawo shi ne ƙarfi. Ba ta da juriya: faɗuwa ɗaya ta lanƙwashe, wani lokacin har ta girgiɗe soket ɗin sikanar, gyaran da ya fi kuɗin eriyar.

Kafin ka biya, duba bakin na'urarka. Sikanar Uniden BC125AT tana da baki irin na BNC, kamar RH77CA, SDS100 kuwa irin na SMA; SRH77CA ita ce RH77CA mai bakin SMA. Adafta na aiki, amma tana ƙara tsawon da ke matsa wa soket lamba.

Gwaji na gaskiya shi ne na'urar gefen layin dogo mai duba zafin boris, wadda ke karanto sakamako da murya bayan wucewar jirgi. Ba ta motsi, ƙarfinta bai canzawa. Tsaya wuri ɗaya, sassauta SQL, saitin da ke toshe shuuu, har ƙara ya fito, riƙe sikanar a tsaye, ka sauya eriyoyin. Tashar yanayi mai nisa ta NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, tsakanin 162.400 da 162.550, ita ma ta wadatar, kuma ba ta yin shiru.

A tsakiyar birni, eriya mai kyau kan jawo wa ƙaramar sikana siginar da ta fi ƙarfinta, sai wasu tashoshi su kutso cikin ta jirgi. Nan gajeriyar da aka saita a 160 ta fi RH77CA natsuwa. A cikin mota kuwa duka ukun sun sha kaye, ƙarfen jiki ya tare su. Sai eriya mai gindin maganaɗisu a kan rufi, da siririn ƙarfe na santimita 46.