Modem ɗin cikin laftof ko na USB: wanne ya fi sauƙi a Linux?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, malamin firamare a wani ƙauye da ke gefen Ringim, ya sayo ThinkPad na hannu a Kano, ya ɗora masa Linux Mint, ya zura layinsa a ramin sim amma shiru. Yana tambaya ko ya ci gaba da fama da na cikin, ko kuwa ya sayi modem na USB.

Malam, fara tabbatarwa akwai modem ɗin ma tukuna. Laftof da yawa suna zuwa da ramin sim alhali babu katin a ciki. Buɗe Terminal ka rubuta lsusb, sannan lspci (umarnin da ke jero na'urorin da ke cikin kwamfutar), ka duba ko sunan wani modem, irin su Sierra Wireless, Fibocom ko Quectel, zai fito. In babu, magana ta ƙare, sai na USB.

In akwai, na cikin yana da daɗinsa: babu abin da ya turo waje balle yara su karya, eriyarsa kuma tana cikin murfin allo. Sai dai sa'a ce. Sierra EM7455 yana tafiya lafiya da ModemManager, manhajar da ke sarrafa modem a Linux, amma yawanci a kulle yake zuwa, kuma tun daga fitowa ta 1.18.4 manhajar ta daina buɗe wannan makullin da kanta. Kai za ka haɗa ɗan fayil ɗin buɗewa cikin /etc/ModemManager/fcc-unlock.d. Wannan kullen ne ya sa za ka ga umarnin mmcli -L ya nuna modem, amma ya ƙi tashi. Fibocom L850-GL kuwa ya daɗe yana wahalar da masu Linux, ba zan so maka shi ba. Ka kuma duba rfkill list, don wani sa'in rediyon modem ɗin ne kawai a kashe.

Na USB nasa halin daban. Da ka soka shi yakan fito kamar faifan da ke ɗauke da manhajar Windows, sai manhajar usb-modeswitch ta juya shi ya koma modem. Huawei E3372 mai HiLink ya fi sauƙi: kwamfuta na ganinsa kamar kebul ɗin intanet aka jona, saitinsa kuma a burauza ta 192.168.8.1. Aibinsa, yana ɗaukar zafi a watan Afrilu, yana jan batir, kuma bugu ɗaya kan lalata ramin USB.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne sabis. A ɗakin ƙasa mai rufin kwano, inda sai an fita tsakar gida ake samun sanda biyu, na cikin ba shi da yadda zai yi, sai dai ka ɗauki laftof ɗin gaba ɗaya ka fita. Na USB kuwa, ƙara masa kebul na USB mai mita 2 ko 3 ka rataye shi a taga, kai kana zaune a inuwa. Saboda wannan kaɗai, da ni ne a ƙauyenku, shi zan saya.

Duk wanda ka zaɓa, in ya ƙi haɗuwa duba APN, wato saitin shiga intanet na kamfanin layinka. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Kafin nan, jona wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, Mint zai gane ta nan take, ka samu ka sauko da abin da ya rage. Turo mana abin da lsusb ya nuna maka mu duba tare.