Teburin shayin wa da ƙane a Agege

Kusa da layin dogo a Agege akwai teburin shayin da nake karyawa bayan asuba, kafin in hau danfo zuwa Oshodi. Wa da ƙane ke riƙe da shi.

Wan, ko mutum 10 suka taru, ko a jikinsa: Indomie na kan wuta, ƙwai na kasko, yana sheƙa shayi yana miƙa canji. Sauri kam akwai, amma sau biyu yana zuba mini sukari bayan na hana. Ƙanen kuwa ɗaya bayan ɗaya yake sallama. Ko ka ce "Malam, sauri nake", ba ya ɗago kai. Bai taɓa yi mini kuskure ba.

Ranar Litinin dai gaban wan nake tsayawa, saboda cunkoson Ikeja.