Neman takalmin aiki a Shikago

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Inna da yara duk lafiya. Ka ce in ba ka labarin kasuwar Amurka, to bari in fara da abin da ya fi ba ni wahala tun zuwana, wato takalmi.

A wani babban sito nake aiki, ɗaga kwali da jan kaya, wuni guda a tsaye. Ba a barin kowa ya shiga sai da but mai ƙarfe a baki, don kada kaya ya faɗo ya murƙushe yatsu. Ni kuwa sau-ciki da silifa kawai na taho da su daga Sakkwato.

Na fara da wani kanti mai araha, na ɗauki na dala 35. A wurin biya sai kuɗin ya ƙaru, domin a nan ba a haɗa haraji a farashin da ke jikin kaya, kuma a lokacin harajin saye a Shikago kashi 10.25 ne cikin ɗari. Babu tayi, babu "albarka", babu "ƙara wani abu". Kafin wata uku gindin takalmin ya buɗe baki, ruwan ƙanƙara ya riƙa shiga, safa ta jiƙe tun da safe har in daina jin yatsuna. A gida da shushaina zan miƙa wa a bakin masallaci, ya ɗinke shi kafin a idar da salla. A nan masu gyara ƙalilan ne, kuɗin gyaran kuma ya fi kuɗin takalmin.

Garin nan a rabe yake, Yaya, kowa da shiyyarsa. Kudancinsa galibi baƙaƙen fata ne. Abokan aikina na can sun ce da kantin takalma masu araha na Payless suke dogara, shi kuma ya rufe shagunansa na Amurka a 2019. Sai na hau jirgin ƙasa zuwa wata shiyyar masu hali, fararen fata zalla. Tun da na shiga wani shagon takalma wani ma'aikaci yake biye da ni, in na tsaya ya tsaya. Na ɗauki wani but ina shafa fatarsa, ina tuna fatar jar akuyarmu da aka riƙa ƙetarawa da ita hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, sai ya tambaye ni ko na ga farashin. Sau biyu ya tambaya. Kuɗin na aljihuna, amma na ajiye na fita. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Kada ka ɗauka duk farin nan mai kuɗi ne. Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare, shi ma albashi zuwa albashi yake rayuwa. Shi ya nuna mini nasa, Red Wing, kamfanin da ke Minnesota tun 1905. Ya haura dala 200, amma in gindin ya cinye ana sake masa sabo, fatar tana nan. Ya ce in riƙa tara kuɗi a hankali.

Wanda ya fid da ni kunya wani ɗan Meziko ne, ya kai ni titi na 26 a Little Village, kasuwar mutanensu. Mai shagon ya zaunar da ni, ya durƙusa ya danna bakin takalmin da babban yatsa, ya ce in taka in ji. Na ce da tsada, ya yi dariya ya rage mini dala goma. Sai na ji kamar ina Tsohuwar Kasuwa. Shi nake sawa yanzu, ƙafata a bushe.

In an samu mai zuwa, ka sa dukawa su ɗinka mini takalmin fata na zuwa Juma'a, lamba 43. Ka gaishe da Inna, ka ce mata sanyi ya fara sauƙi.