Gargaɗi ga maƙeran wuƙa: ana sayar da ƙarfen walda da sunan ƙarfen wuƙa

Assalamu alaikum 'yan'uwa maƙera da duk mai sha'awar ƙera wuƙa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in bar wa cikina. Sai da na ji abin da ya same ni ya sami wani abokin sana'a, ta hanya ɗaya, sannan na ga shiru ba zai yi ba. Akwai masu tallar ƙarfe ta intanet da ke yi wa mutane ungulu da kan zabo. Ka biya kuɗin ƙarfen wuƙa, a aiko maka da wanda bai wuce a yi ƙyaure ko ƙafar tebur da shi ba, an rangaɗa masa lamba da alƙalami.

Ni ƙarfen wuƙa mai lamba 1084 nake nema. Na ci karo da wani mai talla, hotunansa tsaf, sandunan ƙarfe jere bisa kanta, kowanne da lambarsa. Na yi masa magana, ya amsa nan take, baki kamar ya shekara ashirin a maƙera. Da na nuna ɗari-ɗari sai ya ce, "Maigida, kada ka sayi da yawa, ɗauki sanda ɗaya ka gwada tukuna." Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali. Sandar ta iso, na ƙera wuƙa, na ba ta ruwa, wato na gasa ta na tsoma a mai, ta yi tauri yadda ake so, magagari ya zame a kanta kamar a kan gilashi. Ashe wannan sandar tarko ce. Na koma na yi oda mai yawa. A nan ne ya ce in tura kuɗin wani asusu mai sunan da ba nasa ba, wai na ƙaninsa ne, kuma in hanzarta don kayan sun kusa ƙarewa.

Kaya suka zo, kauri ɗaya, faɗi ɗaya, rubutu ɗaya da na farko. Ban gwada ba, tunda a ganina na riga na gwada. Na yanka, na daka, na gurza, na fitar da ruwan wuƙa tara, aikin da ya ci mini kusan sati uku. Ranar ban ruwa na ɗauko ta farko daga wuta na tsoma a mai. Da ta huce na ɗora magagari a bakinta, sai na ji ya kama, ya ci, har garin ƙarfe na zuba a kan yatsana. Duk wanda ya taɓa jin wannan sautin ya san yadda gaba ke faɗuwa. Na ce wataƙila wutar ce ba ta kai ba. Na sake. Na canza mai. Na gwada ta biyu da ta uku. Daga ƙarshe na yanki guntu, na gasa shi ya yi jajawur, na tsoma a ruwan gishiri, na matse shi na buga masa guduma. Ƙarfen wuƙa da aka yi wa haka ɓallewa yake yi nan take. Wannan lanƙwashewa ya yi.

Na kira shi. Amsar da ya ba ni ita ce ainihin abin da nake so ku riƙe, don a kanta duk damfarar ta ginu. Ya ce, "Haba maigida, ai ba ƙarfen ba ne, ban ruwanka ne bai yi ba. Kowa na saye ba wanda ya taɓa kuka." Mazambacin nan ya san abu ɗaya game da mu: in wuƙa ta ƙi tauri, maƙeri kansa yake fara zargi, musamman sabon shiga. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take shiga. Ƙarfen wuƙa mai lamba 1095 na gaske ma yakan ƙi tauri in man bai da saurin sanyaya shi, domin sinadarin manganis da ke cikinsa kaɗan ne, daƙiƙa ɗaya kawai ke tsakaninka da asara. Haka kuma ƙarfen da ya daɗe a wuta yakan rasa kabon, sinadarin da ke sa shi tauri, a fatarsa, magagari ya ci saman alhali cikin ya yi tauri, sai ka ɗan gurje sannan ka gane. Da waɗannan yake fakewa. Kai kana can kana ƙona gawayi kana zargin hannunka, shi yana karɓar kuɗin wani. Bayan kwana biyu lambarsa ta daina shiga, shafin ya yi ɓatan dabo.

Lambobin nan ba ado ba ne, suna da ma'ana. A tsarin ba ƙarfe lamba na Amurka da ake kira SAE, 10 ɗin farko na nufin ƙarfe ne da kabon zalla, lambobi biyun ƙarshe kuma yawan kabon ɗin ne. 1084 na ɗauke da kabon tsakanin kashi 0.80 da 0.93 cikin ɗari, 1095 kuma tsakanin 0.90 da 1.03. Ƙarfen walda irin 1018 bai wuce 0.15 zuwa 0.20 ba. Kabon ɗin nan shi ke sa ƙarfe ya yi tauri in an ba shi ruwa. Inda babu shi, ko ka kwana kana zuga wuta ba abin da zai fito. Matsalar ita ce ido ba ya ganin kabon. Ka ajiye 1018 kusa da 1084, launi ɗaya, nauyi ɗaya, maganaɗisu na kama duka biyun. Abin da ya raba su a idon mai saye rubutun alƙalami ne kawai, shi kuwa alƙalami kowa na da shi.

Da na kai wa malamin da ya koya mini ƙira sandunan, bai ce komai ba sai ya sa aka tura ƙofa ɗakin ya ɗan yi duhu. Ya ɗauko ragowar sandar farko da ɗaya daga cikin sababbin, ya kunna injin gurza. Ta farko da ya ɗora, tartsatsi ya fito gajere, cunkus, kowane ɗigo na fashewa yana rassa kamar ƙaya. Ya ɗora ta biyu, sai ga dogayen zare masu santsi, da ƙyar ka ga ɗaya ya fashe a ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, minti ɗaya ne wannan. Me ya hana ka?" Na ce, "Baba, na ɗauka duk ɗaya ne." Ya ce kowane kaya da ya shigo maƙera baƙo ne, ko daga hannun wanda ka sani ya fito.

Tun daga ranar ba na taɓa sabon ƙarfe sai na yanki guntu kamar tsawon yatsa daga kowace sanda. In duba tartsatsinsa kusa da wanda na tabbatar da shi, don gwajin tartsatsi ba ya faɗa maka sunan ƙarfe, kwatantawa kawai yake yi. Sannan in gasa guntun har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, in ƙara masa wuta kaɗan zuwa wajen 815, in tsoma a mai. 1084 na gaske zai fito da taurin da ya kai kusan 65 a ma'aunin tauri na Rockwell, magagari ba zai kama shi ba. In rufe idona da tabarau, in ɓalle shi, in duba cikin. In an yi daidai za ka ga toka-toka mai laushi, ba ƙyalli, ba manyan ƙwayoyi. Duk wannan bai kai rabin awa ba, ni kuwa sati uku na zubar.

Sai maganar takarda, don na ga yanzu mazambatan sun fara haɗawa da ita. Kamfanin da ya narka ƙarfe yakan ba kowane narki lambarsa, ya kuma fitar da takardar gwaji mai nuna kabon nawa, manganis nawa, kuromiyam nawa. A tsarin Turai na EN 10204, takarda mai lamba 3.1 ita ce ke ɗauke da sakamakon gwajin ainihin kayan da aka sayar, mai lamba 2.2 kuwa gwajin gama-gari ne, ba lallai na abin da ke hannunka ba. Mai sayarwa na kirki zai faɗa maka kamfanin da ya yi ƙarfen, ya nuna maka takardar, lambar narkin ta dace da wadda ke jikin falankin da ya yanko maka. Zai kuma gaya maka ko an tausasa ƙarfen, da zafin da ya kamata ka ba shi. Ka tambayi mazambaci wane kamfani, sai ya ce "daga Jamus" ko "daga Japan" ya tsaya nan. Ƙasa ba kamfani ba ce. AEB-L da 15N20 ƙarafan kamfanin Uddeholm ne na Suwidin, N690 na Böhler ne a Ostiriya, VG-10 na Takefu ne a Japan. Wanda ke sayar da waɗannan da gaske ba ya inda-inda in an tambaye shi ta ina suka biyo. Duk da haka ban ce ka rungumi takarda ka bar gwaji ba. A watan Oktoba na 2017 kamfanin Kobe Steel, babba a Japan, ya fito ya amsa cewa an yi ta sauya alƙaluman gwaji a takardun wasu kayayyakinsa. In hakan ta faru a can, ina ga hoton takarda da wani ya turo maka ta waya?

Wata dabarar kuma, su turo bidiyo suna ɗora wa ƙarfe wata na'ura mai kama da bindiga, lambobi na fitowa. Yawancin irinta, wato XRF, tana karanta kuromiyam da nikel da makamantansu, amma ba ta ganin kabon ko kaɗan. Ba za ta raba maka 1018 da 1084 ba.

Masu neman ƙarfen da ba ya tsatsa su ma ba su tsira ba. 440C na gaske kabon ɗinsa kusan kashi 1 ne, kuromiyam 16 zuwa 18, amma sai a ba ka 420 mai ƙarancin kabon a madadinsa, ko ma 304 da ba ya tauri da wuta sam. Shi 304 maganaɗisu ke tona masa asiri, don da ƙyar yake kama shi, alhali ƙarfen wuƙa mara tsatsa kamawa yake yi sosai. D2 kuwa, mai kabon 1.5 da kuromiyam 12, sai an kai shi sama da digiri 1000 a murhun lantarki, shi ya sa masu jabu ke son sunansa, sun san kaɗan ne za su iya gwadawa. Ƙarfen Damaskus mai zane ma haka. Na gaske ninki ne na ƙarfe biyu, galibi 1084 da 15N20, nikel ɗin da ke cikin na biyun ke sa layinsa haske in an tsoma a asid. Ka gurje gefe ka sake tsomawa, zanen zai dawo. In a fata kawai aka zana, ya tafi ke nan.

Ni a wurina gara tsohon sifirin ɗin mota da wannan cinikin biri a sama. Sifirin sau da yawa ƙarfe mai lamba 5160 ne, ko da yake ba kullum ba, kuma yakan ɓoye tsaga, amma aƙalla ka san ba ka san shi ba, za ka gwada. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Da a ce wuƙaƙen nan sun ɗan yi tauri sama-sama na sa musu ƙota na sayar, sunana ne zai lalace a hannun mutanen da suka yarda da aikina, ba sunan wanda ya cuce ni ba.

Abokin da na ambata da farko ya nuna mini tallar da ta ja shi. Sunan shafin daban, lambar waya daban, amma hotunan su ne dai waɗanda na gani, kanta ɗaya, rubutun hannu ɗaya. Shi ma sanda ɗaya aka fara ba shi ya gwada. Har da hoton takardar gwaji aka turo masa, kuma da muka buɗe hoton muka duba da kyau, kusurwar da lambar narki take an yanke ta.