Kyamarar Canon 600D da na saya a Ikeja, saura kaɗan in mayar

Wallahi satin farko haushi kawai nake ji. Na saye ta tokumbo ne musamman saboda faɗuwar rana, don ni daga Mile 12 nake shiga mota zuwa Ikorodu bakin ruwa da yamma, rana na sauka kan lagun ɗin nan ja wur kamar an zuba manja, amma in na duba hoton sai in ga abu fari fat kamar hazon Disamba. Har na ce ma matata gara wayata sau goma.

Ashe ni ne na bar ta a otomatik. Wani dattijo mai hoton biki ya same ni ina tsaki, ya ce ɗana kawo in gani, ya danna maɓallin WB, wato na daidaita launi, ya ɗauke ta daga AWB, inda ita ke zaɓar launin da kanta, ya kai kan alamar gajimare. Wai ita in ta ga ja ya yi yawa ɗauka take kuskure ne, sai ta wanke shi. Ya juya ta zuwa Av, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar shigar haske, ya sa faɗin a f/8, ƙarfin jin haskenta kuma a ISO 100, ya rage haske zuwa -1, ya ce in daina auna haske da baƙin kwalekwale, sama zan auna gefen ranar. Na ɗauka ɗaya, jama'a! Ja, ruwan lemo, har wani shuɗi-shuɗi can sama, masuntan sun fito baƙi ƙirin kamar zane. Kyamarar 2011 fa. Na ce Baba Allah ya saka, ya ce tukuna, jira ta faɗi, launin gaske bayan nan yake fitowa kuma a Legas ba ya daɗewa.

To nan ne aka yi abin. Rana ta shige, sama ta kama da wuta, ana shirin kiran Magariba, batir ya mutu mus. Batirin da mai shagon ya rantse min orijinal ne, ko hoto tamanin bai yi ba, kuma da safe na cika shi. Na kira shi wai in zo in ƙara kuɗi ya canza min. Kyamara dai ba ta da laifi, amma duk mai saya ya cire batir ya duba a gabansa, ni har yau ban koma shagon ba don in na je za a ji mu.