Jiran Naƙuda Ko Tayar Da Ita Da Magani?

Masu juna biyu suna yawan tambaya: idan watan haihuwa ya kama, a jira naƙuda ta zo da kanta, ko a tayar da ita a asibiti?

Naƙudar da ta zo da kanta shiri ne da jiki ya daɗe yana yi. Tasirin sinadarin progesterone, wanda yake kwantar da mahaifa, yana raguwa, sinadarin prostaglandin yana tausasa bakin mahaifa, sannan sinadarin oxytocin ya sa mahaifa ta riƙa matsewa. Jira ba ya cin kuɗi sosai, amma idan ciki ya haura mako 41, haɗarin rasa jariri a ciki yana ƙaruwa.

Tayarwa kuwa kwaikwayon wannan tsari ne da magani da ruwan naƙuda. Tana buƙatar a riƙa sauraren bugun zuciyar jariri, domin mahaifa tana iya matsewa fiye da kima, abin da ya fi zama abin tsoro ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa.

Jira ya dace da mai lafiyayyen ciki da bai wuce lokaci ba. Tayarwa ta fi dacewa da mai hawan jini, ko wadda faya ta fashe mata naƙuda ta ƙi zuwa.