Igiyar awo, salula ko jirgi maras matuƙi: me za a saya don ƙidayar itatuwa a Adar?

Duk ƙungiyar manoma ko ma'aikatar magajin gari da ta taɓa karɓar tallafin gyaran ƙasa a jihar Tawa ta san tambayar da ke jiran ta a ƙarshen shekara: itace nawa suka rayu, a hekta nawa, ina kuma shaida? A da shugaban ƙungiya kan ce "sun kama da yawa, alhamdu lillahi", a wuce wurin. Yanzu masu ba da kuɗi lamba suke so, 'yan kasuwa kuma sun farga, ga kayan awo nan iri-iri ana talla, tun daga igiya har jirgi maras matuƙi. Kuɗin da ake warewa wannan aiki kuwa ba su taka kara sun karya ba, saboda haka abin da aka fara saya shi ke yanke hukuncin sauran.

Kafin a shiga kasuwa, a tsaya a dubi abin da za a auna. Mu nan ba kurmi gare mu ba. Gawo ne da aduwa da magarya a warwatse cikin gonakin hatsi, ga tohon kalgo da sabara da manomi ya bari a wajen sassabe, ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, ga fakon Keita da aka shiga gyarawa daga 1984. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ba ta kiran wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba gona ba ce. Ke nan yawancin abin da muke alfahari da shi ba ya cikin wannan lissafi, kuma kayan aiki da yawa an ƙera su ne don dazuzzuka masu duhu. Wanda bai san wannan ba yana iya sayen abu mai tsada da ba ya ganin itacensa.

Igiyar awo ita ce ta farko, kuma a kanta zan fi daɗewa, don ita aka fi rainawa. Masu bincike a yawancin ƙasashen duniya suna auna kaurin itace a tsayin mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum. Akwai igiyar ma'aikatan gandun daji wadda ke ba da faɗin gindi kai tsaye, amma ta tela ma ta isa: a zagaya itacen, a raba da 3.14. Gawon da kewayensa ya kai santimita 94, faɗinsa 30 ne. Abin da ke ɓata aikin ba igiyar ba ce, hannu ne. Bara an auna a ƙirjin dogon mutum, bana a na gajere, sai itace ya "rame" a takarda. Maganinsa sanda ɗaya da aka yanke daidai mita 1.30, da ɗigon fenti a jikin itacen. Don shata fili kuma ana bukatar doguwar igiya mai mita 30 ko 50. A ɗauki ta roba mai zare a ciki; ta yadi tana miƙewa, ta ƙarfe kuma da ta lanƙwashe cikin ƙaya ta gama aiki.

Ba a ƙirga gona duka. Ana zaɓen 'yan filaye ne a riƙa komawa kansu kowace shekara. A kafa turke, a ja igiya mita 17.84 a zagaya, an sami da'ira mai murabba'in mita 1,000, kashi ɗaya cikin goma na hekta. Inda itatuwa suka yi nisa da juna, a shata mita 50 sau 50, rubu'in hekta ke nan. Turken katako ba ya kai damina biyu, ko gara ta ci ko a yi makamashi da shi, gara guntun rodi a binne shi, a ɗora dutse mai fenti. Sabara da kalgo ba su da gindi ɗaya da za a zagaya, sai a ƙirga rassan da manomi ya bari a kan kututture, a auna tsayi da gora mai alama. Na'urar auna tsayi irin ta Suunto tana da kyau, amma ga wanda yawancin itatuwansa ba su wuce mita 4 ba, alatu ce.

Sai muhawarar salula da na'urar GPS ta hannu, mai nuna wurin da ake tsaye. Salular Android mai matsakaicin kuɗi tana ɗaukar hoto, ta ba da wurin da ake tsaye, ta riƙe takardar tambayoyi. Manhajar KoboCollect kyauta ce kuma tana aiki inda babu rezo, sai an dawo gari a tura. Matsalarta rana. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, salula kan yi zafi ta ɗauke, fuskarta ba ta ganuwa, cajin ya tafi kafin azahar. GPS ta hannu irin Garmin eTrex ba ta san wannan ba: batir biyu irin na rediyo take ci, ta wuni ta kwana, ƙura ba ta dame ta ba, amma ba ta cika takarda. Dukansu biyu suna kuskure da 'yan mitoci, don haka kada wani ya ce maka da GPS zai sake gano ɗan tsiron da aka rubuta bara. Lamba ake ɗaura masa. A ganina ƙungiyar ƙauye ta sayi salula da ƙaramin faifan sola. Garmin ta mai shata iyakar manyan filaye ce, wanda ke kwana a daji.

Hoton tauraron ɗan'adam kuwa, abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne yawancinsa ba na sayarwa ba ne. Na Landsat, da Amurka ke tarawa tun 1972, an sake su kyauta a 2008. Na Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, su ma kyauta ne, kuma kusan duk kwana 5 ana samun sabo. Duk wanda ya zo da takardar kuɗi ya ce zai sayar maka da waɗannan, aikin fassara su kawai ya cancanci a biya shi. Amma a san iyakarsu. Ɗigo ɗaya a hoton Landsat fili ne mai mita 30 sau 30, na Sentinel mita 10 sau 10. Gawo guda a tsakiyar yashi narkewa yake a ciki. Shi ya sa aka daɗe ba a lura da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi na barin tohon itatuwa a gonakinsu ba, sai da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij da Mahamane Larwanou suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbi masu kaifi, suka kuma taka gonakin da ƙafarsu, sannan aka fito da lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2020 ayarin mai bincike Martin Brandt ya ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel da hotuna masu kaifin rabin mita, amma ko su sun tsaya ne a kan itacen da inuwarsa ta wuce murabba'in mita 3. Tohon bana da na bara, waɗanda su ne ainihin aikin ƙungiya, ba sa ciki.

Lokacin hoto ma yana yaudara. A watan Agusta komai kore ne, hatsi da ciyawa da itace sun haɗe, gawo kuma a lokacin ya zubar da ganyensa, sai rani yake tohowa. Hoton bayan girbi ake nema, ranar da hazo bai rufe sama ba. Abin saye a nan kwamfuta ce mai ɗan ƙarfi da horo ga mutum ɗaya ko biyu. Manhajojin Google Earth da Collect Earth na FAO ba sa cin ko dala, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET kuma tana Yamai tun 1974 tana koyar da irin wannan aiki.

Jirgi maras matuƙi shi ne abin da kowa ke sha'awa a taro, kuma gaskiya yana da inda babu kamarsa. A kan fakon da aka haƙa ramukan tare ruwa irin na rabin wata da tassa, tashi ɗaya ya isa a ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya, a ga waɗanda ruwa ya fasa. Sai dai batirinsa ba ya daɗewa a sama, zafi na rage shi, ƙura na shiga injin, ɗaruruwan hotunan da ya ɗauko kuma sai babbar kwamfuta da gwani kafin su zama taswira ɗaya. Ba ya auna gindi, kuma daga sama da wuya a bambance ƙaramar bagaruwa da ƙaramar aduwa. Ga batun izini: a halin tsaron da ake ciki, tayar da shi ba tare da takardar hukuma ba neman fitina ne. Wanda zai yi amfani da shi sau ɗaya ko biyu a shekara ya ɗauko hayar mai shi, da sharaɗin a ba shi ainihin hotunan, ba rahoto kaɗai ba.

To, ga ƙungiyar ƙauye: igiyoyi biyu, sanda, fenti, rodi, babban rajista mai bango, salula ɗaya. Rajistar ta ƙara daraja tun dokar 2020 da ta ba manomi haƙƙi a kan itacen da ya yi rainonsa a gonarsa, domin ranar da gardama ta tashi, sunan mai gona da shekara da irin itace a rubuce su ne abin nunawa. Ma'aikatar magajin gari ko ƙungiya mai aiki a garuruwa da yawa ta ƙara Garmin da kwamfuta. Ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu ya fara tambayar malaminsa ko ma'aikatar gandun daji, sau da yawa akwai kayan aro a ajiye. Kuma a kowane kasafi a ware kuɗin mai da na abincin masu awo na shekara uku zuwa biyar tun kafin a sayi na'ura, a tsayar da wata guda, Disamba ko Janairu, wanda a cikinsa za a riƙa komawa filayen nan.